Rundunar Napoleon a Kan Tebur: Shawarwari Kan Sauya Fasalin 'Yan Sojoji da Yi Musu Fenti

A Ingila da sauran ƙasashen Turai akwai wasan da manya, masu iyali da furfura, suke yi da 'yan mitsi-mitsin sojoji na roba ko na ƙarfe. Ana shimfiɗa koren ƙyalle a kan tebur mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4, a kafa tuddai da gidajen kwali, a jera bataliyoyi, sannan a sake gwabza yaƙin Austerlitz na 1805 ko na Waterloo na 1815 da rula da ƙwayar lido. Daga bariki wasan ya fito. A 1824 wani hafsan Furusiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wasan koyar da dabarun yaƙi a kan taswira, wanda ya ɗora a kan aikin mahaifinsa. A 1913 kuma marubuci H. G. Wells ya fitar da littafinsa Little Wars, abin ya shiga falon farar hula.

Sojojin ba sa zuwa a shirye. A kwali suke zuwa, kai daban, hannu daban, jakar baya daban, duka launin toka. Wanda ya saya shi zai yanke, ya haɗa, ya sauya wa wasu fasali, ya yi musu fenti. Shawarwarin nan na gidan da ke son shiga wannan aiki ne, kuma a kan abu ɗaya suka tsaya: abin da za a gani a kan tebur bataliya ce daga nisan kamu biyu, ba fuskar soja ɗaya a ƙarƙashin tabarau ba.

1. Ku tsayar da shekara da fagen yaƙi kafin ku sayi komai.

Yaƙe-yaƙen Napoleon sun ɗauki daga 1803 zuwa 1815, kuma kayan sarki sun sauya sau da yawa a tsakani. Dakarun Faransa a Austerlitz hula mai kusurwa biyu ce a kansu. Tsakanin 1806 da 1807 aka maye gurbinta da shako, wato doguwar hula mai baki a gaba. Rigar ma ba ta zauna ba: dokar Bardin ta 1812 ta kawo gajeren kwat mai rufaffen ƙirji har ƙugu, amma bai wadata a jikin sojoji ba sai a 1813. Sojan Birtaniya ya yi yawancin yaƙin Sifen da Fotugal, daga 1808 zuwa 1814, da miƙaƙƙiyar hula mai siffar bututu. A 1812 aka fito da wata mai tudu a goshi, ita ce akasarinsu suka sa a Waterloo, ko da yake runduna ta 28 ta je wurin da tsohuwar hularta. Ostiriya ta fara barin kwalkwali tana komawa shako daga 1806, amma a hankali, shi ya sa a yaƙin 1809 ake ganin duka biyun.

Wanda ya sayi kwali uku kafin ya san wannan zai wayi gari da sojojin da ba su taɓa tsayawa a fili ɗaya ba. Ku zauna da abokin wasanku tun farko, ku ce Waterloo za mu yi, ko Borodino ta 1812, ko Leipzig ta 1813, sannan kowa ya ɗauki ɓangarensa.

2. Ku zaɓi girma ɗaya, ku tsaya a kansa.

Da milimita ake auna tsayin 'yan sojojin. Masu milimita 28 su suka fi yawa a yau, kuma su suka fi sauƙin sauya fasali domin kai da hannu suna kamuwa da yatsa. Kamfanonin Perry Miniatures, na tagwayen nan Alan da Michael Perry, da Warlord Games, dukansu a Nottingham, da kuma Victrix, suna yin su da roba mai tauri, kwali ɗaya na ɗauke da sojan ƙasa masu yawa. Akwai masu milimita 15 da 18, akwai ma masu milimita 6 irin na kamfanin Baccus, waɗanda ake jera runduna guda a kan teburin cin abinci. Mafi araha su ne na ma'aunin 1/72, irin na Airfix da Italeri da Zvezda da HaT, waɗanda yawancinsu roba mai laushi ce. Kada ku gauraya kamfanoni biyu a cikin bataliya ɗaya sai kun tsayar da sojojinsu kafaɗa da kafaɗa kun gani, domin 28 ɗin wani ya fi na wani ƙiba.

Akwai gidajen da ba a ajiye mutum-mutumi a cikinsu saboda addini. Wannan bai rufe ƙofar wasan ba. Reisswitz kansa da 'yan tubala ja da shuɗi ya yi nasa, kuma dokokin wasa na Blücher, da Sam Mustafa ya tsara, ana iya buga su da katuna kawai.

3. Aikin ya sami tirensa, ya kuma yi nesa da abinci da yara.

Babban tire ɗaya da akwati mai murfi sun isa. A ciki za a sa filaya mai yanka, wuƙa mai siririn baki, ƙaramin magagari, samfefa mai laushi, ɗan mahudin hannu da bakinsa na milimita 1, da buroshi biyu ko uku. In an tashi a rufe, a ɗora a saman kabad. Kan soja mai milimita 28 ƙaramin yaro zai iya haɗiye shi ko ya cusa a hanci. Tsofaffin sojojin ƙarfe da yawa akwai darma a gaminsu, don haka ba a goga su da magagari a inda ake cin abinci, kuma a wanke hannu bayan an gama. Ɗabi'ar lasar bakin buroshi don ya yi tsini, wadda masu fenti da yawa ke da ita, a bar ta. In soja na resin ne, wato wata irin roba da ake zubawa a mazubi ta daskare, a jiƙa samfefa kafin a goga, domin ƙurarsa ba ta shaƙa ba ce.

Sufa gulu kuwa kada a kuskura a ajiye shi inda ake ajiye magani. Kwalbarsa tana kama da ta maganin ɗigawa a ido. Idan ya zuba a kan auduga ko rigar auduga yana ɗaukar zafi har ya ƙona fata.

4. Ku wanke, ku kankare.

Ruwan ɗumi, ɗigon sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori suna cire maiƙon da ke biyo roba mai laushi da resin da ƙarfe daga masana'anta. Bayan sun bushe, ku bi siririn layin da mazubi ya bari a gefen hula, kafaɗa da ƙafa, ku kankare shi da bayan wuƙa, ba da kaifinta ba. Fenti ba ya ɓoye wannan layin, fito da shi yake yi. A roba mai laushi magagari tsefe jikin yake yi, sai dai a yanke layin da sabuwar reza.

5. Kowane jiki da gam ɗinsa.

Roba mai tauri tana son gam na roba mai ruwa-ruwa, wanda ke narkar da fuskokin biyu su zama abu ɗaya. Yana ba da 'yan daƙiƙu na juya hannu ko kai kafin ya kama. Ƙarfe da resin sai sufa gulu, kuma ɗigo kaɗan ya fi kamawa a kan mai yawa. Roba mai laushi ba ta jin ko ɗaya daga cikinsu sosai, sai an haɗa da waya, kamar yadda zai zo a ƙasa. Farin gam irin na kafintoci na yashi ne da tuta.

6. Sauya fasali daga kai yake farawa.

Daga nisan kamu biyu, hula ce ke gaya wa mai kallo ko wane soja ne. Shi ya sa mafi yawan sauya fasali a wannan zamani musanyar kai ce kawai. Kwalin dakarun Birtaniya na Perry yana zuwa da hulunan zamani biyu, na Ostiriya kuma da kwalkwali da shako, don haka kullum ana samun ragowar kawuna. Kada a zubar da ko ɗaya. A samo 'yar roba mai murfi a riƙa tarawa, kawuna gefe, hannuwa gefe.

Yadda ake yi: a yanke tsohon kai daidai saman kwalar riga, a bar kwalar a jikin gangar, domin launinta na cikin abin da ke bambanta runduna. A goge wurin ya yi sumul, a gwada sabon kan ba tare da gam ba, a dube shi ta gefe. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin wuya ya yi tsawo. Haɓar soja kusan taɓa kwala take yi, domin sojojin wancan lokaci suna ɗaure wuya da wani baƙin maɗauri mai tauri. Kai ma ba dole ya kalli gaba sak ba. A cikin mutum 24, a juya uku ko huɗu kaɗan zuwa hagu ko dama, ɗaya ya kalli na kusa da shi, sai layin ya daina kama da abin da inji ya buga.

Jikin da ya fi karɓar kowane kai shi ne na soja mai sanye da babban kwat na sanyi, domin kwat ɗin ya rufe duk abin da zai tona asiri. A sa wa wasu hular bariki mai laushi, a bar ɗaya da kai a ɗaure da bandeji, ga rundunar Faransa ta 1814 nan, wadda dama a gajiye take kuma kayanta ba su cika ba.

Wani lokacin ma ba a bukatar wuƙa, fenti kaɗai ke sauya ƙasa. Rundunonin Suwizalan da suka yi wa Napoleon aiki ɗinkin Faransa suka sa, amma ja. Sojojin Jamus na sarkin Ingila, waɗanda suka tsare gidan gonar La Haye Sainte a Waterloo, ɗinkin Birtaniya ne a jikinsu. In kuma kuna son dakarun Fotugal na bayan 1811, ku ɗauki sojan Birtaniya mai hular bututu, ku kankare layukan adon da ke ƙirjin rigarsa, ku shafa shuɗi. Ba zai gamsar da mai duba maɓalli ɗaya-ɗaya ba, amma a kan tebur ya wadatar.

7. Hannu da bindiga: a sa waya a ciki.

Duk haɗin da zai sha taɓawa, kamar hannun hafsa mai ɗaga takobi ko mahayi a kan dokin ƙarfe, a huda ɓangarorin biyu da mahudin hannu, zurfin milimita 2 ko 3, a yanko guntun wayar tagulla ko ta maƙalin takarda, a sa gam a cusa. Don ramukan su dace da juna, a fara sa wayar a gefe ɗaya, a ɗiga fenti a bakinta, a danna ta a ɗaya gefen, inda tabon ya fito nan za a huda. Sandar tuta ta roba karyewa take yi ko ba jima ko ba daɗe, gara tun yanzu a yanke ta a huda dunƙulen hannun a zura waya.

Roba mai laushi tana da wata dabara tata. A tsoma soja a ruwan zafi na 'yan daƙiƙu, a lanƙwasa hannun ko a miƙe bindigar da ta karkace, a riƙe a haka a tsoma a ruwan sanyi. Wannan aikin babba ne, ba na yaro ba.

Ni dai ban ga amfanin cika bataliya da masu harbi da masu gudu da masu faɗuwa ba. Sojojin da ke tafiya da bindiga a kafaɗa sun fi jeruwa, wuƙar bakin bindigarsu ba ta sarƙe da ta na gaba, kuma sun fi kama da abin da bataliya ke yi yawancin yini. A bar wasan kwaikwayon ga hafsa da mai ganga da mai tuta.

8. Danƙon gini: kaɗan-kaɗan, hawa-hawa.

Akwai wani danƙo mai zuwa launi biyu, rawaya da shuɗi, da ake murzawa har ya koma kore, wanda masu wannan aiki ke kira Green Stuff. Akwai kuma Milliput, wanda ke bushewa da tauri har a goge shi da samfefa. Na farkon ya fi dacewa da tufa da gashi, na biyun da cike rami. Bayan an murza, a bar shi kamar minti 15 ya rage yauƙi, a jiƙa bakin abin aiki da ruwa. Yana ba da wajen awa ɗaya da rabi na aiki, ƙasa da haka in ana zafi, kuma sai ya kwana yake gama ƙarfi.

Ku fara da abin da ba ya ɓaci: naɗaɗɗen bargo a saman jaka, faci a gwiwar wando, rigar mai da ake rufe shako da ita saboda ruwan sama, wadda ke ɓoye duk adon hular ta kuma rage muku aikin fenti. In hannu ya faɗa, sai a gwada gezar kafaɗa ko gashin baki. Mai son abin burgewa ya gwada Mamaluka, baraden da aka taho da su daga Masar suka shiga cikin dogaran Napoleon, waɗanda suka yi yaƙi a Austerlitz da rawani da jan wando mai faɗi. Rawanin siririyar igiyar danƙo ce a naɗe ta sau biyu a gindin hula. Wandon kuwa ƙafa ɗaya ake yi yau, ɗayar gobe, in ba haka ba babban yatsa zai lotsa wadda aka gama.

9. Shafen farko, da lura da yanayi.

Fentin ruwa ba ya zama a kan tsurar roba ko ƙarfe, sai an fara fesa fentin shimfiɗa. A manna sojojin a jere a kan sanda ko kwali, a fita waje, a girgiza gwangwanin sosai, a fesa daga nisan santimita 20 zuwa 30, gajere-gajere. Baƙi yana yafe kuskure, domin duk lungun da buroshi bai kai ba zai zama inuwa. Fari ko toka mai haske ya fi kyau ga Ostiriya da jajayen Birtaniya. Ga roba mai laushi, a fara shafa farin gam da aka tsinka da ruwa, yana rage ɓarewar fenti a bindiga.

A ƙasashenmu yanayi na da ta cewa. Da tsakar rana a bazara fentin yana bushewa a iska kafin ya sauka, jikin soja ya yi gaushi-gaushi. Da damina laima ke ɓata shi. Da hunturu ƙura ke manne masa. Sassafe ya fi, kuma da an gama a kife kwali a kai.

10. Ku yi wa mutum goma sha biyu fenti a lokaci ɗaya.

A manna kowane soja a kan murfin kwalba don a sami abin riƙewa. A ɗauki launi ɗaya a bi su duka, kafin a kai na ƙarshe na farko ya bushe. Daga ciki ake fitowa waje: fuska da hannu, wando, riga, ɗamara, jaka, bindiga, hula. Fenti irin na Vallejo ko Citadel ko Army Painter a tsinka shi da ɗigon ruwa, shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri da zai cike maɓalli da ninkin riga. Buroshi mai lamba 1 ko 2 mai kyakkyawan tsini ya fi ɗan mitsitsin nan da sababbin shiga ke saya, wanda fenti ke bushewa a bakinsa kafin ya taɓa soja.

Don kada fenti ya ƙafe a faranti, a samo robar abinci mai murfi, a shimfiɗa jiƙaƙƙen tishu, a ɗora takardar da masu gasa kek ke shimfiɗawa, a riƙa ɗiga fentin a kanta. Idanu kuwa a bar su. Tsinkakken fentin inuwa mai launin ƙasa da aka bi fuska da shi zai kwanta a kwarmin ido, kuma iyakar abin da ake gani ke nan ko a fuskar mutum na gaske in yana nesa.

11. Shuɗi, ja da fari.

Waɗannan ukun su ne zamanin Napoleon, kuma kowanne da halinsa.

Shuɗin Faransa da baba aka rina shi, mai duhu ne ƙwarai, irin na ƙyallen da ya sha tsomi da yawa a marinar Ƙofar Mata. Baban ma ya taɓa yi wa Faransa wuya saboda jiragen ruwan Ingila sun tare hanya, har a 1806 aka gwada sa wa wasu rundunoni farin kwat, aka janye shi a 1807. Sai dai a jikin abu mai milimita 28, shuɗi na gaskiya baƙi yake komawa daga nesa. Don haka a shafa mai duhun a ƙasa, a bi kafaɗu da gwiwar hannu da bakin ninki da wanda ya fi shi haske mataki ɗaya ko biyu. Iyakar ƙanƙantar soja, iyakar hasken da za a ƙara. Haka ake yi wa koren Rasha da na 'yan bindigar runduna ta 95 ta Birtaniya.

Jan Birtaniya iri biyu ne. Na ƙananan sojoji rinin saiwa ne mai araha, yana ɗan karkata zuwa launin jan bulo, rana da ruwa kuma suna kashe shi. Na hafsoshi ja ne wur mai tsada. In kun bambanta su, hafsa zai fito a cikin layi ba tare da wani ƙarin ado ba. Kada a haskaka ja da fari, ruwan hoda zai koma. Da ɗigon fenti mai launin ruwan lemo ake haskaka shi.

Fari shi ne mai wahalar, ga shi kuma ko'ina: rigar Ostiriya, ƙirjin Faransa, ɗamarar da ta gicciye ƙirjin kusan kowa. Ba a fara shi da fari. A fara da toka mai haske ko ruwan madara, a bar shi a cikin ninki, a ɗora fari tas a kan tudu kawai. Ɗamara ita ce abin da ido ke fara kamawa a bataliya, don haka in akwai inda za a kashe lokaci, nan ne. A kwantar da buroshi a ja shi da gefensa a kan tudun ɗamarar, a bar siririn duhu tsakaninta da riga. Wando kuwa a sake masa: a fagen yaƙi ana ganin fari, toka da ruwan ƙasa a layi ɗaya, musamman a Sifen inda sojoji suka riƙa ɗinka wando da ƙyallen gari.

12. Ƙananan alamun da ake gani daga nesa.

Daga 1808 bataliyar Faransa kamfani shida ce. Huɗu na tsakiya ana gane su da tuntun hula: na ɗaya kore mai duhu, na biyu shuɗi mai haske, na uku ruwan lemo, na huɗu shunayya. Kamfanin zaratan da ke tsayawa a dama ja ne tuntunsu da gezar kafaɗarsu. Na masu sauri da ke hagu kwalarsu rawaya ce, gezarsu kore da rawaya. Bataliyar Birtaniya kamfani goma ce: takwas na tsakiya fari a sama ja a ƙasa, zarata fari zalla, masu sauri kore. Kwala da bakin hannu su ke nuna runduna, kuma duk rundunar da ke da laƙabin sarauta shuɗi ne nata. Ɗigon fenti ɗaya ne kowannensu, amma ya fi awa guda da za a ɓata a kan maɓallai.

13. Dawaki da igwa.

Mai son ya iya fentin doki ya je ya kalli doki, a hawan Sallah ko a bargar unguwa. Bikili jikinsa ja ne, amma gezarsa da wutsiyarsa da ƙasan ƙafafunsa baƙaƙe ne. Aharas gezarsa na bin launin jikinsa. Akawal ba baƙi ne tsantsa ba, a cinya da wuya yana ƙyallin toka ko ruwan ƙasa. Kili kuma bakin hancinsa da gwiwoyinsa sun fi jikinsa duhu. A runduna, mafi yawa su zama bikili da aharas, a sa wa wasu farin goshi, wasu farar ƙafa ɗaya ko biyu. Masu busa begila na Faransa kili aka saba ba su. Rundunar Scots Greys, wadda sajanta Charles Ewart ya ƙwace gaggafar da ke kan sandar tutar runduna ta 45 ta Faransa a Waterloo, dawakinta masu launin toka ne, barade masu hular gashi na dogaran Napoleon kuma baƙaƙe suke hawa.

Katakon igwa kowace ƙasa da launinta: Faransa kore mai ɗaukar ruwan ƙasa, Birtaniya toka mai ɗaukar shuɗi, Ostiriya rawaya mai duhu, Rasha kore mai haske, Furusiya shuɗi. Bututun yawanci tagulla ne, ƙarafan jiki baƙaƙe.

14. Tuta, gindi da man kariya.

Tutar takarda ake saya ko a buga. A shafa farin gam a ciki, a naɗe ta a sanda, a lanƙwasa ta a jikin buroshi tun tana da danshi don ta yi kamar iska na kaɗa ta, sannan a bi farin bakin takardar da fenti. Bataliyar Birtaniya tuta biyu take ɗauka, ta sarki da ta runduna. Faransa daga 1808 gaggafa ɗaya ce ga runduna gaba ɗaya, don haka kada a raba wa kowace bataliya.

Kafin a manna kowa a gindi, a duba dokokin da za a yi wasa da su. A Black Powder, na Rick Priestley da Jervis Johnson, mutane da yawa suna sa soja huɗu a kan gindi mai milimita 40 kowane gefe, gindi shida ya ba da bataliya mai mutum 24. Wasannin ƙaramar arangama irin Sharp Practice soja ɗaya-ɗaya suke so, a nan zoben ƙarfen da ake sa wa noti ya isa gindi. A shafa farin gam, a barbaɗa tankaɗaɗɗen yashi, in ya bushe a yi masa fenti, domin tsurar yashi ba ta kama da ƙasa a wannan girma. Duk rundunar ta zama launin ƙasa ɗaya, wannan kaɗai yana haɗa kan sojojin da fentinsu ya sha bamban.

A ƙarshe a shafa man kariya marar launi. Mai ƙyalli ya fi ƙarfi, marar ƙyalli ya fi kyan gani, shi ya sa ga sojan ƙarfe ake fara sa na farkon a rufe da na biyun. Na fesawa yana yin fari-fari in akwai laima, don haka da damina a yi amfani da na buroshi, ko a fara gwadawa a kan soja ɗaya.

15. Ajiya, da sojojin da aka saya a hannu.

A manna siririn maganaɗisu a ƙarƙashin kowane gindi, a jera su a cikin gwangwanin biskit ko akwati mai shimfiɗar ƙarfe, ko an karkata shi ba za su zube ba. Kada a bar akwatin a cikin mota a rana ko a ƙarƙashin kwanon rufi, zafi yana lanƙwasa bindigogin roba. In za a ɗauki soja, a kama gindi, ba tuta ko takobi ba.

Sojojin da aka saya a hannun wani da mummunan fenti ba asara ba ne. A jiƙa su a Dettol na asali, mai launin ruwan ƙasa, su kwana ɗaya ko biyu, a sa safar hannu a goge da tsohon buroshin haƙori. A fara cire fentin da sabulu kafin ruwa ya taɓa su, in ba haka ba zai zama danƙo ya manne. Ruwan goge fentin farce yana wanke sojan ƙarfe tas, amma kada ya kusanci na roba mai tauri, narkar da shi yake yi.